Darasi na Bakwai: Ruwan Naƙuda ko Aiki?

Ciki yakan kai wata tara, wato kimanin sati 40. Wani lokaci watan haihuwa ya zo ya wuce, naƙuda shiru. Wani lokaci kuma jinin mai ciki ya hau, ko faya ta fashe amma ciwo bai taso ba. A irin wannan hali likita yakan kawo magana biyu: a tayar da naƙuda da magani, ko a sa rana a yi aiki a ciro jariri.

Idan ciki ya kai sati 41, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tayar da naƙuda, domin mabiyiya tana fara gajiya da ciyar da yaro. Ana sa ƙwayar magani don bakin mahaifa ya yi laushi, ko a ɗaura ruwan naƙuda a hannu. Abin yana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu. Malamar asibiti tana kusa, tana sauraren bugun zuciyar jariri. In ta ga ya wahala, ko hanya ta ƙi buɗewa, sai a koma aiki. Wadda ta haihu da kanta takan miƙe da wuri.

Amma akwai inda ruwan naƙuda ba shi da wuri ko kaɗan. Idan hoton ciki ya nuna yaro yana kwance a gicciye, ko mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa, aiki ne mafita. Haka ma yawanci ga wadda aka taɓa yi wa aiki sau biyu. Akan sa ranar a wajen sati 39. Ana yin allura a baya, ƙasan jiki ya mutu, uwa tana farke har ta ji kukan ɗanta. Za ta kwana uku ko huɗu a asibiti, ɗinki kuma yana son kimanin sati shida, ba daka, ba ɗaukar ruwa.

'Yar'uwa, ki riƙe wannan da kyau. Kada ki yarda a yi miki allurar naƙuda a gida ko a kemis, balle in an taɓa yi miki aiki. Maganin yana matse mahaifa da ƙarfi, tsohon ɗinki yana iya fashewa, jini ya ɓalle, asibiti kuma da nisa. Ina jin takaici idan na ji ana cewa wadda aka yi wa aiki raguwa ce. Wannan gorin ya sa mata da yawa sun kwana biyu a durƙushe a ɗaki, suka ƙare da yoyon fitsari.

Maigida, kai ma da naka. Ka raka ta awo tun wata na takwas, ka ji bayani da kunnenka. Ka tanadi kuɗi da abin hawa, ka nemo 'yan'uwa da za su ba da jini, ka kuma kasance kusa ranar da za a sa hannu a takarda.

Aikin aji: Rubuta waɗannan tambayoyi a littafinki, ki tafi da su awo na gaba. Cikina sati nawa ne? Yaya yaro yake kwance? Me ya sa kuka zaɓa mini wannan hanya?