Yadda za ka gane ko takin zamani yana biyanka a gonar masara da auduga

Ni a Kurna ta birnin Kano nake zaune, sana'ata dinki, amma duk damina ina noma gonar da mahaifinmu ya bari a Tudun Wada. Shekara da shekaru ina sayen taki saboda kowa yana saye, ban taɓa zama na yi lissafi ba. Sai shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da kuɗin taki, Yaya Babba ya tambaye ni a zaure: "Kai wannan takin da kake zubawa, buhu nawa yake ƙara maka?" Na yi shiru. Tun daga ranar nake bin hanyar da zan faɗa maka.

Da farko ka daina lissafi da naira, domin naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ka yi lissafi da buhun masara. Ka tambayi kuɗin buhun taki mai kilo 50, ka ɗora masa kuɗin mota da ladan mai zubawa, sannan ka tambayi nawa aka sayar da buhun masara a kasuwar Dawanau da kakar da ta wuce. Farashin kaka nake nufi, lokacin da kowa ya fito da tasa, ba na tsakiyar damina ba, tunda yawancinmu ba ma iya ajiyewa. A ce buhun taki ya ci maka kuɗin buhun masara ɗaya. To sai ya ƙara maka buhu biyu kafin a ce ya biya. Masana harkar noma ma a kan wannan ninki biyun suke tsayawa, kuma da gaskiyarsu: ɗayan buhun shi ne zai ɗauke ka a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ko tsutsa ta shiga.

Yaya za ka san abin da takin ya ƙara? Ka bar kunya goma a tsakiyar gona ba taki, ka kafa turke a farkonsu da ƙarshensu. Kada ka zaɓi gindin bishiya ko inda Fulani suka yi zango, za ka yaudari kanka ne. Da kaka ka girbe su daban, ka girbe wasu kunya goma masu tsayi ɗaya da ke kusa da su waɗanda suka sami taki, ka ɓare kowanne ka auna da tiya. Bambancin shi ne amsarka. Shekarar farko 'yan ƙwadago suka yi ta yi mini dariya, wai malamin birni ya zo da bincike. Gani dai ya kori ji.

Abin da malaman gona suke bayarwa ga masara a hekta ɗaya, wato wajen eka biyu da rabi, shi ne buhu 8 na takin kamfa, wato NPK 15-15-15, da kusan buhu 3 na yuriya. Ƙaramin manomi nawa ne zai iya wannan? Ni ban taɓa iyawa ba. Idan buhu uku gare ka, kada ka watsa shi a hekta guda don kowace shuka ta ɗanɗana. Ka ware yankin da zai ishe shi, sauran ka sa gyaɗa, waken suya ko wake, su da ba su da cin taki kuma suna gyara ƙasa.

Zubawar ma ita ce rabin aikin. Kamfa yana shiga ne cikin sati biyu da shuka, yuriya kuma daga sati huɗu zuwa shida, bayan an yi noma, ƙasa da danshi. Ka haƙa ɗan rami da tsinke, tazarar yatsu uku zuwa huɗu daga gindin shuka, ka zuba cikin murfin kwalbar lemo, ka take da ƙafa. Yuriyar da aka bari a fili rana da iska ne suke shanye ta, idan kuma mamakon ruwa ya biyo baya ta bi kwari. Gonar da ciyawa ta rufe, ciyawar ka saya wa taki. Haka inda wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotsar saiwar masara, ta yi kaka-gida, ko irin da kake shukawa ya gaji. Gara ka rage buhun taki ɗaya ka sayi iri mai kyau, irin su SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya take fitarwa.

Ka kuma duba takin kansa. An taɓa sayar mini da buhu mai kyan gani, da na jiƙa cikin hannu ɗaya a kofin ruwa sai ga yashi kwance a ƙasa. Yuriya ta gaskiya narkewa take yi tas. Takin gargajiya kuma kada ka raina shi. Kakanninmu da jakuna suke kwasar toka da kashin dabbobi daga cikin birni zuwa gonakin kewaye, kuma ƙasar da ta sha shi ta fi riƙe na zamani.

Auduga kuwa lissafinta ya fi wuya. Surukina yana nomanta a Ƙaraye, a wurinsa na koya. Ba ta cin taki kamar masara, kusan rabi ya ishe ta, idan ka cika mata yuriya sai ta yi ta ganye da tsawo, ƙwallon ya yi jinkirin buɗewa. Babban abin shi ne feshi. Idan ba ka da kuɗin maganin ƙwari na lokacin fure da ƙwallo, kada ka sa taki, tsutsa za ka yi wa kiwo. Ka sa kuɗin tsinka a lissafi, domin duk kilon da takin ya ƙara sai an biya mai tsinkarsa. Sannan masara idan kasuwa ta faɗi ka kai gida a yi tuwo, auduga kuwa sai abin da mai sikeli ya ce. Shi ya sa surukina ba ya sayen ko buhu ɗaya sai ya san wanda zai sayi audugar, idan kuma bashin taki aka ba shi a cire da kaka, sai an rubuta farashin a takarda.

Bana na ƙara wasu kunya goma da zan ba rabin taki kawai, in ga ko rabin ma ya isa. Turakun suna nan a bayan shago, na shafa musu jan fenti don kada yara su sake cire su su yi wuta.