Yadda na gyara tsohon kabad ɗin cuku da ke sa fumfuna

Kabad ɗin na saye shi ne a wani shagon tsofaffin kaya a jihar Fensilbeniya ta Amurka, irin wanda manoman Amurka ke tsumar da cuku a ciki a zamanin da. Ƙafafunsa dogaye saboda ɓera, ƙofarsa kwano ce mai ƙananan huji, iska ta shiga, ƙuda bai shiga ba.

Duk cukun da na ajiye sai ya jiƙe ya yi baƙar fumfuna. Da farko na ɗora wa ɗakin laifi. Ashe wani ne ya shafe kwanon da fenti, hujin duk sun toshe.

Ban goge da samfefa ba, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma, ƙurarsa guba ce. Maganin cire fenti na shafa, sannan na bi hujin ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace. Ya ci min kwana uku. Katakan ciki na wanke da ruwan khal, suka bushe a inuwa.

Yanzu kullum da safe ina juya cukun in shafa masa man shanu, kamar yadda matan gidajen gona suke yi a da. Ɓawonsa ya bushe tas.