Yadda na biya harajin shiga Bali daga Damagaram

Tun 14 ga Fabrairu 2024 baƙo ɗan yawon buɗe ido daga ƙasar waje da zai shiga tsibirin Bali na Indonesiya sai ya biya rupiya 150,000, wato wajen jaka biyar a kuɗinmu. Wannan daban yake da kuɗin biza.

Na shiga shafin Love Bali, inda ake biyan harajin ta intanet, na sa suna da lambar fasfo, amma katina ya ƙi wucewa. Na zaci rezo ne, kun dai san halinsa a nan Damagaram. Ashe katin ne ba a buɗe masa sayayya ta intanet ba. Na je banki suka buɗe, biya ya wuce nan take.

Lambar QR ta iso ta imel. Na buga ta a takarda kusa da kasuwar Dole, don waya na iya mutuwa a filin jirgi.