Kurakuran da ake yi in kon fulawa ta ƙare ana tsaka da girki

Gaskiya na gaji da ganin abu ɗaya kullum, mace ta duba kicin ba kon fulawar da za ta sa sos ya yi kauri sai ta ɗauko garin masara ta zuba wai ai duk masara ce. Ba ɗaya ba ne fa. Kon fulawa zallar sitaci ce da aka tace daga ƙwayar masara, shi kuwa gari da tsakinsa yake zuwa, sos ɗinki zai riƙa ƙasa-ƙasa a baki.

Amma wadda ta taɓa ba ni kunya ita ce fulawa. Ina da baƙi, sos ya tsinke min, cikin sauri na barbaɗa fulawa a tukunya tana tafasa, wallahi nan take gudaji suka taso, na juya na juya har hannuna ya gaji, na tace a rariya, ƙarshe ga warin ɗanyen gari ya ƙi fita, baƙin nan kara kawai suka yi min suka ci. Haba 'yar uwa, saurin me kike? Ki dama ta da ruwan sanyi tukuna, ko ki soya ta da ɗan bota yadda nake yi yanzu. Cokali 2 na fulawa ne ke maye gurbin cokali 1 na sitaci, kuma ki bar ta ta dahu kamar minti 5. Kar ki sa ran sheƙi, dusu-dusu za ta fito.

Sai masu sitacin dankalin turawa da na rogo. Su waɗannan ba sa son doguwar tafasa, kina barin su kan wuta sai kaurin ya sake, na rogo ma har yauƙi yake yi. Ni sai na kusa saukewa nake zubawa, yana kamawa in kashe wuta. Na dankali cokali 1 a madadin 1 ya isa, na rogo kuwa 2. Abin da za ki daskarar a firiza na rogon ya fi, ba ya saurin fitar da ruwa.

Garin shinkafa shi ma ninki biyu ake sawa. Gwaiduwar ƙwai kuwa ki fara tsiyaya mata ruwan sos ɗin mai zafi kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, in ba haka ba za ta dunƙule miki.

Hodar kastad sitacin masara ce da kala da ƙamshi, a kek ko biskit tana yi, amma don Allah kar in ƙara ganin ta a sos ɗin nama.