Yadda za ka haɗa kyamara da tsohuwar kwamfuta ka kwashe hotuna

Mu masu ɗaukar hoton biki da suna da fasfo ranar kasuwa, irin su Gujungu ko Wudil, yawancinmu kwamfutar gwanjo ce a shago, mai Windows 7 ko ma XP, kuma wallahi tana aiki in dai ka san kanta.

Fara da kebul. Tsofaffin kyamarori yawanci mini USB ne, bakinsa ya fi na cajar waya kauri, kar ka tura na waya da ƙarfi ka ɓalla ramin. Sannan akwai kebul ɗin da caji kawai yake yi ba ya ɗaukar hoto, shi ne zaka ga mutum ya yini yana zagin kwamfuta alhali ba laifinta ba ne. Ka cika batir, ka soka a ramin bayan kwamfuta don na gaba sun fi saurin lalacewa, in ƙurar hunturu ta cika shi ka hure tukunna, sannan ka kunna kyamarar. In shiru, shiga menu ɗin kyamarar wajen USB, wasu suna da zaɓi tsakanin PTP da Mass Storage, ɗauki Mass Storage, nan kwamfuta zata gan ta kamar filash. Buɗe My Computer (a Windows 7 Computer kawai ake ce masa), hotunan suna cikin folda mai suna DCIM.

Amma ni a ganina duk wannan wahala ce, in ka shiga Kano ka sayi kad rida, wato 'yar na'urar karanta memori, a Farm Centre ka huta, zare memori kawai zaka yi ka sa. Sai dai ka duba girman memorin. Tsohuwar rida wadda aka yi kafin 2006 galibi iyakarta 2GB, ba ta gane SDHC wato daga 4GB zuwa 32GB, shi kuma mai 64GB zuwa sama da tsarin exFAT yake zuwa, XP ba ta karanta shi sai an sa mata ƙari na musamman, don haka sai ta ce maka ka yi fomat. Kar ka danna! Hotunan amaryar mutane ne zasu tafi, kuma ba a sake ɗaura aure don ka ɗauka.

Toh sai maganar bairos, wadda ta fi komai cin rai. XP tun 2014 Microsoft ta daina kula da ita, Windows 7 kuma 2020, ga kowa yana kawo filash ɗinsa a tura masa waƙa. A gefen memori akwai ɗan makulli ƙarami, ja shi ƙasa wajen Lock kafin ka sa a rida, zaka iya kwafa amma rida mai kyau ba zata bari a rubuta komai a kai ba, har da bairos. Kwafa zaka yi ba yanka ba, saboda in Nepa ta ɗauke wuta ko janareto ya mutu a tsakiya ba ka yi asara ba. Sai ka buɗe hotunan a kwamfuta ka gan su da idonka, sannan ka mai da makullin ka yi fomat a cikin kyamarar.