Yadda za ka ga ɗakin katakon Roosevelt

Ɗana, tunda karatu ya kai ka jihar Dakota ta Arewa a Amurka, kada ka dawo mana ƙauyen Gumel ba ka ga ɗakin Theodore Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, ba. Ka nufi garin Medora, ƙofar kudu ta gandun dajin da ke ɗauke da sunansa. Ɗakin yana bayan ofishin karɓar baƙi. Ka je tsakanin Yuni da Agusta, don sanyinsu ba wasa ba ne.

Ciki uku ne kacal, an fara gina shi a 1883 lokacin da Roosevelt ya shiga kiwon shanu, kafin ya zama shugaban Amurka a 1901. Ka duba akwatinsa mai harufan sunansa, amma banda taɓawa.

Ɓaunar wurin kuwa ba saniyar Fulani ba ce. Ka ba ta tazarar yadi 25.