Biskit ɗin Kirsimeti na gida: haɗi, gashi da rabo

Adon biskit ɗin Kirsimeti yana cikin siffarsa: tauraro, ƙararrawa, bishiya, zuciya. Siffar nan kuwa ita ce ke fara bajewa idan kwaɓi ya shiga oben da ɗumi. Don haka tun farko a tanadi wuri a firji.

Awon da zai ba da guda 35 zuwa 40: bota giram 225, sukari giram 200, ƙwai ɗaya, fulawa giram 375, bekin foda rabin cokalin shayi, gishiri rabin cokalin shayi, banila cokalin shayi ɗaya. A auna da sikeli in da hali, domin kofin fulawar da aka danna ya fi wanda aka zuba sakayau nauyi. Mai son na kayan ƙamshi sai ya ƙara garin citta cokalin shayi biyu, kirfa cokali ɗaya, kanumfari kwatan cokali.

Botar ta yi laushi yadda yatsa zai lotsa ta, amma kada ta narke. A buga ta da sukari minti 3 har ta yi haske, a fasa ƙwai, a sa banila. Sai a zuba fulawar da aka gauraya da gishiri da bekin foda, a juya, da zarar farin gari ya ɓace a tsaya. Yawan murza kwaɓi yana sa fulawa ta yi danƙo, biskit ya fito da tauri.

A raba kwaɓin biyu, a murza kowane rabi tsakanin takardar gashi biyu har kaurinsa ya kai milimita 6, a sa a firji awa ɗaya. Murzawa kafin sanyayawa ta fi sauƙi, tunda kwaɓin da ya daskare tsagewa yake yi. A riƙa tsoma abin yanka mai fitar da siffa a fulawa kafin a danna. Guntayen da suka rage a haɗa a sake murzawa sau ɗaya ko biyu kawai. Idan ɗakin girki ya yi zafi, a mayar da waɗanda aka yanka firji minti 10.

Oben ya riga ya kai digiri 180 kafin a saka. Minti 9 zuwa 11 sun isa. Da gefe ya fara yin ja kaɗan a fitar, ko da tsakiya na da laushi, zai ƙarasa a kan faranti cikin minti 5. Kada a jera sabon kwaɓi a faranti mai zafi, botar za ta narke tun kafin gashi ya fara.

Kwalliya ita ce ɓangaren yara. A dama garin sukari mai laushi giram 200 da madara cokali 2 na cin abinci, a ƙara ɗigo-ɗigo har ya yi kauri kamar zuma, a raba a ƙananan kwanuka a sa kala. Biskit ɗin ya huce sarai tukuna, in ba haka ba kwalliyar za ta zube. Ƙanana su yi yanka, waɗanda suka tasa su yi zane, oben kuma na manya ne. A hana yara lasar ɗanyen kwaɓi, saboda ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Kwalliyar ta kwana tana bushewa kafin a jera a gwangwani mai murfi, da takarda tsakanin kowane hawa. Na citta a ware shi daban, ƙamshinsa yana kama na banila. Wanda za a kai wa maƙwabta da dangi a haɗa shi da 'yar takarda mai nuna abin da ke ciki, saboda waɗanda jikinsu ba ya karɓar ƙwai, madara ko alkama. A rufe, yana kai mako guda da daɗinsa.